Shekarar da Na Tsare Kogon Burtu

Na san abin da kuke ji a gari, ku 'ya'yana, don har yau in na wuce ta bakin tasha ba a rasa wanda zai ɗaga murya ya ce ga Garba mai faɗa da baƙonsa saboda tsuntsu. Wasu sun ce shaƙe mutumin na yi, wasu sun ce kyamararsa na fasa. Ko ɗaya ban yi ba. Ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashi, don in na mutu masu ƙarin gishiri ne za su ba ku labarin, mutanen Birnin Gwari kuwa ba su san rowar gishiri ba.

Kakanku maharbi ne, wannan kun sani. Da ya rasu bai bar mini shanu ba, kan burtu ya bar mini. Ku da kuka tashi a cikin gari sai na yi muku bayani. Burtu wani ƙaton baƙin tsuntsu ne mai yawo a ƙasa, girmansa kamar talotalo, ga dogon baki, ga gashin ido zara-zara. Namun daji ba sa gudunsa don ba ruwansa da su. Shi ya sa maharba ke sassaƙa kansa da wuyansa da icce, su rufe da fata, su ɗaura a goshi, su yafa baƙin zane, su durƙusa suna tafiya suna sunkuyar da kai kamar yana kiwo. Gada tana kallonka tana cin ciyawarta har ka iso gabanta. Baba ya koya mini wannan tafiya tun gwiwoyina ba su yi ƙwari ba, amma bindiga kam ban gada ba. Hoto na koya a Kaduna, na dawo na buɗe shago kusa da kasuwa ina ɗaukar fasfo da biki da suna. Da shi na auri uwarku, da shi na ciyar da ku, har wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoto, shagona ya koma wurin hira da shan shayi.

Zaman banza ne ya ishe ni. Wata rana na sauko da kan burtun daga ƙusar da yake rataye a zaure, na kakkaɓe shi, na rataya kyamara na tayar da babur. Uwarku Binta ta leƙo ta riƙe haɓa.

"Baban Amina, yanzu da furfurarka za ka koma rarrafe a daji?"

"Da rarrafen nan aka ciyar da ni," na ce mata.

"To, Allah ya sa kada wani maharbin ya ɗauka burtun gaske ne ya ɗirka maka."

Ba wanda ya ɗirka mini. Abin da ya faru shi ne na rarrafa har tsakiyar garken zabin daji suna tsattsagar ƙasa ba su ko ɗago ba, na ɗauki fakara tana wankan ƙasa, na ɗauki tuji yana taƙama a fili. Wallahi ranar da na ga idon fakara a cikin hotona, da hasken rana a cikinsa, sai da na zauna a ƙasa. Shekara da shekaru ina ce wa mutane su gyara hula su kalle ni, ashe ga aikin da aka halicce ni dominsa. Hotunan suka zaga a waya har aka sa ni a wani guruf na masu ɗaukar hoton tsuntsaye, mutanen Kaduna da Abuja. A nan na san Injiniya Bashir. Ku riƙe wannan da kyau, don ba na so ku tsane shi: mutumin kirki ne, mai sakin hannu. Shi ya tuko mota ya zo har ƙofar gidan nan lokacin hanyar Kaduna tana biyuwa, ya ci tuwon uwarku ya nemi ƙari, ya buɗe wata baƙar jaka ya fito da dogon gilashin kyamara, irin mai jawo abin da ke nesa ya ajiye maka shi a gaban hanci.

"Malam Garba, aro ne," ya ce. "Ka riƙe har ranar da ka gaji da tsuntsaye."

To, ashe dajin yana da wasu masu shi. Akwai masu kallon tsuntsaye, waɗanda ba sa ɗaukar hoto, ido kawai. Za su tsaya nesa da madubin hangen nesa a wuya, su yi tsit, su kalla, su yi ta gyaɗa wa juna kai, su tafi. Babbansu a ƙasarmu shi ne Hedimasta Ɗanladi, wani dattijon Bagwari da ya yi ritaya daga koyarwa, gidansa a wani ƙauye ta hanyar Randagi. Baƙi daga Jos da Zariya wurinsa suke sauka ya shiga da su daji. Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Ina cikin ciyawa da kan burtu ina bin wasu zabi, ashe shi da baƙinsa sun hango ni daga kan wani dutse. Sun daɗe suna kallona suna murna sun ga burtu, har wata baƙuwa tana cewa ba ta taɓa ganin mai natsuwa irin wannan ba. Ƙafata ce ta yi sanyi na miƙe tsaye ina ɗingishi. Kai, ranar na ji Hausa da Gwaranci da Turanci a haɗe!

"Kai wane irin mutum ne?" Hedimasta ya ce da ya sauko. "Maharbi ne kai ko mahaukaci?"

"Mai hoto ne, Hedimasta."

"Duk ɗaya ne. Ku maharba ne marasa bindiga. Ku karya reshe don ya tare muku haske, ku kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa a sifika ya bar abincinsa ya zo, ku taka sheƙa. In kun samu hotonku, ko ya mutu ko ya yi rai, oho."

"Ku kuma fa?" na ce, don ni ma ba a taka ni in yi shiru. "Ku gani ku tafi da shi a cikinku. Wa ya amfana? 'Ya'yana an haife su a garin nan ba su san kamannin tuji ba sai da na nuna musu a hoto. Masu gawayi suna cinye dajin nan kullum, in ya ƙare, da me za ku nuna an taɓa yin sa? Da gyaɗa kai?"

Haka muka zama. In muka haɗu a kasuwa sai mu gaisa sama-sama, shi ya ce ina maharbi, ni in ce ina mai gadin daji ba albashi. Shi ya sa da na gan shi a ƙofar shagona farkon wata damina yana dogara sanda, na zaci faɗa ya kawo. Ya zauna a benci ya daɗe yana murza gwiwarsa kafin ya yi magana. Ya ce gwiwar ta hana shi hawa keke, ni kuma ina da babur kuma na san daji. Ya ce akwai wata tsohuwar kuka a ƙetaren rafi, can bayan gonakin ƙauyensu, burtu ya yi gida a kogonta, macen tana ciki a kan ƙwai. Ya ce rabonsa da ganin burtu ya yi ɗa a wannan yanki tun yana koyarwa, don manyan itatuwan masu kogo duk sun tafi buhun gawayi. Burtu kuwa ɗa ɗaya yake rayarwa, in ya rasa shi sai wata shekarar, in ma an dace.

"Zan nuna maka," ya ce, "amma da sharaɗi. Ba ka ƙetare rafin, ba ka zuwa da kyamara, ba ka gaya wa mutanenka. Ranar da ɗan ya sauko ƙasa da ƙafarsa, ka ɗauka har ka gaji. Ni da kaina zan riƙe maka jaka."

"Na yarda," na ce.

"Ka rantse da abin da kake bauta wa."

Na rantse da Allah. Kuma ku sani, a lokacin ba tausayin tsuntsu ne ya sa ni ba. Hoton nake so. Burtu da matarsa da ɗansu a fili, da hasken safe, ba wanda ya taɓa kawo irin wannan a guruf ɗinmu, ni kuma ɗan maharbin da ya yi rayuwarsa da kan burtu a goshi, na ga ni ya kamata in kawo shi.

Muka fara zuwa. In goya shi a babur mu bi ta cikin taɓo, mu ajiye babur a gonar ƙarshe mu taka, mu zauna a kan wani falalen dutse a wannan gefen rafin. Daga can za ka ji namijin tun kafin ka gan shi, wani irin gurnani mai zurfi kamar ana buga turmi a cikin rami. Sai ga shi ya ɓullo yana taku ɗai-ɗai, jan maƙogwaronsa na sheƙi, ƙadangare ko maciji a baki. Ya tashi da ƙyar, fararen gashin fiffikensa su bayyana, ya sauka a bakin kogon ya miƙa wa matar. Ita kuwa shuɗin wuyanta kawai kake hangowa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin kyamara. Wata safiya muka ga ya kawo ƙananan fara maimakon ƙadangare, Hedimasta ya damƙi hannuna ya ce an ƙyanƙyashe.

Daji ba ya ɓoye wa masu acaɓa komai. Wani ya ga sawun babur ɗina yana ratsewa wuri ɗaya kullum, magana ta bi baki har ta kai Abuja. Sai ga Injiniya a ƙofar gida da fara'arsa da tsarabar uwarku. Bayan an ci an sha ya ce in kai shi. Na ce na yi rantsuwa. Ya yi dariya ya ce wa na yi wa rantsuwar, tsohon da ke zaginmu? Ya ce shi ba zai taɓa kogon ba, aron kan burtuna kawai yake so ya matsa kusa. Na ce masa wannan ne ma ba zai yiwu ba, don Baba ya gaya mini in burtu yana da mata a kogo ba a sa kan nan kusa da shi. Gada ce ke ɗauka burtu ne ta ƙyale ka. Shi burtun ɗauka zai yi wani namijin ne ya zo ƙwace masa wuri, ya bar komai ya taso maka.

"To ai shi ke nan!" Injiniya ya ce, idonsa ya kawo haske. "Shi zai kawo kansa gaban kyamara."

Na ce a'a. Ya ce in tuna maganar da ni kaina nake yi, cewa dajin nan ƙarewa zai yi, hoto ne kawai zai saura. Na ce na tuna, kuma har yanzu ina kanta, amma a'a. Muka rabu ya tafi masaukinsa yana murmushin da bai kai ciki ba. Uwarku ta same ni a tsakar gida.

"Baban Amina, ka dai ji kunya. Mutum ya yi maka alheri irin wannan, ka dube shi ka ce a'a saboda ɗan tsuntsun da ko miya ba za a yi da shi ba?"

"Na yi rantsuwa, Binta."

"Sai ka yi kaffara. Mutane nawa suka yi?"

Washegari ina da aikin suna a wata unguwa. Da na dawo da hantsi na shiga zaure, sai na ga ƙusa tsirara. Kan burtun ba ya nan. Na ƙwala wa uwarku kira, ta fito da ludayi a hannu ta ce Injiniya ne ya zo da wani ɗan acaɓa, ya gaishe ta da ladabi ya ce aro ya zo.

"Mutumin da ya ara maka abin da ya fi babur ɗinka daraja, ni zan hana shi aron guntun icce? Da wane bakin?"

Ban yi mata faɗa ba, don gaskiyarta ce, kuma a cikin maganarta na ji abin da zan yi. Muddin kayansa yana ɗakina, ni ma ba ni da bakin. Na shiga na ɗauko baƙar jakar nan da dogon gilashin a ciki. Na tsaya da ita a hannu, ba zan ɓoye muku ba, rabuwa da gilashin nan ta yi mini wuya, don na san ba zan taɓa iya mallakar irinsa ba, kuma ba da shi ba babu hoton da nake jira. Na goya ta a baya na tayar da babur.

Yadda na bi hanyar nan ranar, Allah ne kawai ya tsare. Tun daga gonar ƙarshe na fara jin gurnanin burtu, amma ba irin wanda na sani ba, wannan ba ya numfashi, yana ta maimaita kansa. Sifika ce. Na wuce ɗan acaɓan yana zaune a gindin ɗorawa, na iso falalen dutsenmu, na hango Injiniya a ƙetare, ya ɗaura kan burtun Baba a karkace, ya yafa baƙar riga, yana rarrafe da ƙugu a sama, sifikar tana rataye a wuyansa. Namijin yana gabansa. Ya yar da macijin da ya kawo, maƙogwaronsa ya kumbura, ya buɗe fukafukai yana zuwa yana komawa, kyamara kuwa sai ƙyas-ƙyas-ƙyas take yi. Ina kallo macen ta leƙo, ta fito gaba ɗaya daga kogon, ta tashi ta yi yamma ta ɓace a cikin itatuwa. Kafin in ƙifta ido hankaki biyu sun sauka a reshen da ke saman kogon. Ɗan da ke ciki ko gashi bai yi ba.

Na ce ba zan ƙetare rafin nan ba, na rantse. Na ƙetare shi ranar, ruwa har ƙugu, jaka a ka, kuma ko gobe aka sake zan ƙetare. Na taka a tsaye ban ɓuya ba, na shiga tsakanin kyamararsa da tsuntsun. Namijin ya ja da baya. Na sunkuya na kashe sifikar, na kwance igiyar daga ƙeyarsa na cire kan burtun. Iyakar taɓa shi da na yi ke nan, wannan ce shaƙewar da kuke ji.

"Garba, ka haukace ne?" ya ce. Ranar babu Malam. "Ka san abin da ka ɓata mini?"

"Tashi mu tafi, Injiniya. Uwar ta gudu."

"Za ta dawo! Minti nawa ne? Kai da ka yi shekaru kana yaudarar tsuntsaye da iccen nan, yau kai ne mai wa'azi? Da gilashin wa ka yi sunan da kake taƙama da shi?"

"Da naka," na ce. Na sauke jakar na ajiye a gabansa. "Ga shi. Na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu tashi ka bar wurin nan, ko in ɗauke ka."

Ya dubi jakar ya dube ni. Ina jin bai taɓa zaton zan iya ba. Ya tattara kayansa har da jakar, ya ƙetare ya tafi. Na jefi hankakin da tsakuwa suka tashi, na koma falalen dutse jiƙe sharkaf na zauna. Rana ta take, ba uwa ba labarinta. Hankakin suka dawo, in na miƙe na ɗaga hannu su tashi, in na zauna su sauko. Na yi azahar a kan dutsen ban san abin da na karanta ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada a ce da kan burtun Babana aka kashe ɗan burtun ƙarshe a dajin da ya yi farauta. Sai wajen la'asar na ga wani baƙin abu ya ratso ta yamma ƙasa-ƙasa. Ta sauka a bakin kogon, ta daɗe tana waige-waige, sannan ta shige. Na kifa goshina a kan dutsen nan na yi kuka, ni da furfurata.

Injiniya ya samu hotonsa, kuma kada wani ya ce muku bai yi kyau ba. Burtu ya buɗe fukafukai ya taso gadan-gadan, kamar zai fito daga cikin wayar. Aka yi ta yabo. Ni kuma aka cire ni daga guruf ba ko sallama, aka ce baƙin ciki ne ya sa na tare shi don ina so in riga kowa. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Hoton ya kai wayar baƙin Hedimasta, suka nuna masa. Ya zo shagona, wannan karon bai zauna ba.

"Burtu ba ya taso wa mutum haka sai ya ga ɗan'uwansa," ya ce. "Kan burtu ɗaya na sani a garin nan. Da hannuna na nuna maka, Garba. An gaya mini kada in yarda da mai hoto, na ce wannan ɗan maharbi ne, ya san rantsuwa."

Da ya tambaye ni, da na gaya masa komai. Bai tambaya ba, hukunci ya kawo a shirye. Zuciya ta ɗebe ni na ce masa ya gama? In ya gama ga hanya nan. Ya juya da sandarsa ya tafi. Na zama ba ni a wurin masu hoto, ba ni a wurin masu kallo.

Amma ɗan yana kogo, kuma yanzu kowa ya san akwai shi. Masu manyan kyamarori suka fara kiran masu acaɓa suna tambayar hanya. Na je wurin sarkin maharba, abokin Baba ne, na je wurin mai unguwar ƙauyen, suka ce sun ji, amma ba su da mutumin da zai zauna gadin tsuntsu ana tsakiyar noma. Na ce ni zan zauna. Na rufe shago, in yi asuba in tafi, in zauna a bakin hanyar da ke sauka rafi. Wanda ya zo da kyamara in gaishe shi in nuna masa falalen dutse, in ce daga nan ne iyaka, ba sifika, ba ƙetarewa. Wasu su zauna su ɗauka daga nesa su tafi lafiya. Wasu su zage ni, wani ma ya ce dajin na ubana ne? Na ce masa ƙwarai kuwa, ya tambaya a gari. Uwarku ta yi fushi ta gaji, ta koma ɗaura mini ɗumame a leda tana cewa tunda na zama makiyayin burtu, Allah ya sa ya san ni ranar lahira.

Ana cikin haka wata safiya na ji ƙarar babur, sai ga Hedimasta wani ya goyo shi. Mutanen ƙauye sun gaya masa wanda ke zaune a bakin rafi kullum, sun gaya masa wanda ya kori mai sifika. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya zauna a wancan ƙarshen dutsen, ni a wannan. Haka muka yi ta yi, dattawa biyu suna gaba a kan dutse ɗaya suna kallon rami ɗaya. Ranar da aka fara cin sabuwar masara ya karya gasasshiya biyu ya turo mini rabi da sandarsa, bai dube ni ba. Na ci. Da zai tafi na ce ya sallami mai babur ɗin, ni zan mayar da shi. Maganar ba ta sake tashi ba, ni kuma ban ga dalilin gaya masa abin da na ajiye a gaban Injiniya ba.

Ruwa ya ɗauke, dawa ta fara nuna, ɗan ya fara leƙowa. Baki ne ya fara fitowa, daga baya kai, wani mummuna mai gashi buzu-buzu, yana ihu in uban ya makara. Uwar ta daina kwana a ciki, su biyun suka koma kai masa abinci. Sai wata safiya suka zo da abinci suka ƙi hawa. Suka tsaya a ƙasa a gindin kukar, uban da ƙaton ƙadangare a baki, suna kallon sama. Ɗan ya yi ihu ya gaji, ya fito ya tsaya a bakin kogon yana rawar jiki, ya koma, ya sake fitowa. Sai kawai ya saki. Ba tashi ya yi ba, faɗowa ya yi yana kaɗa fukafukai kamar an jefo tsumma, ya dira a ciyawa ya kifa da baki. Ya miƙe. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ya fizge ƙadangaren daga bakin ubansa. Rana tana fitowa ta bayanmu, hasken ya sauka a kansu su uku, jan wuyan uban, shuɗin na uwar, ga ɗan a tsakiya. A duk rayuwata ban taɓa ganin haske mai kyan wannan ba.

"Garba!" Hedimasta ya ce, yana dukan kafaɗata. "Ya sauko! Na cika alkawari, ɗauka! Ina kyamarar? Ɗauko ta mana, maza, kafin su shiga ciyawa!"

"Babu, Hedimasta."

"Kamar yaya babu? Ka bar ta a babur? Ruga, ni zan duba maka inda suka bi!"

"Gilashin na Injiniya ne. Na mayar masa tun ranar. Wadda ta rage mini ta fasfo ce, daga nan ko kukar ba za ta kamo da kyau ba."

Ya saki kafaɗata. Ya dube ni, bakinsa a buɗe. Can ya sa hannu ya cire madubin hangen nesan daga wuyansa, igiyar ta maƙale a kunnensa ya fizge ta, ya danna mini shi a hannu.

"To duba," ya ce. "Duba da kyau, ɗan maharbi. Kada ka ƙifta."

Na sa a idona na duba. Suna tafiya a jere, uban a gaba, ɗan yana tuntuɓe a baya yana tsayawa yana kallon ƙafafunsa. Ban ƙifta ba har ciyawa ta rufe su.